Guci: burodin tsami a tukunyar Gwaggo

Wanda ya tashi daga Damagaram ya nufi Guci, kudu maso gabas zai fuskanta, kuma tun bai ƙoshi da kwalta ba za ta sallame shi, ta bar shi da jar ƙasa, ita ma jar ƙasar ta miƙa shi hannun rairayi. Cikin watan Disamba na shekarar 2023 na yi wannan tafiya, a bayan wata tsohuwar mota wadda ta ɗauki mutum ya fi 20, ban da buhuna da awaki biyu. Hunturu ya sauka, hazo ya rufe sama, an gama girbi, gonaki sun koma fili fetal, ba abin da ke da ganye sai gawo, wanda shi da ma sai rani ya ke yin nasa ado. Manoman ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya sun yi suna wajen barin gawo ya tofo cikin gonakinsu tun daga shekarun 1980, kuma mai tafiya yana ganin amfanin haka da idonsa.

Guci ƙaramar hukuma ce. Da can tana ƙarƙashin Magarya, har shekarar 2011 da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, sai Guci ta faɗa cikin rabonta. Ƙasa ce ta tuddan rairayi, a tsakaninsu akwai fadamu irin na yankin Korama, inda ruwa ba shi da nisa, ana noma rake da rogo da albasa a gindin goriba. A takarda, mutumin nan ɗan jihar Damagaram ne, amma idon kasuwarsa kudu ya ke kallo: Maigatari ta jihar Jigawa, mai ci ranar Alhamis, ta fi Yamai kusa da zuciyarsa nesa ba kusa ba, kuma naira ba baƙuwa ce a aljihunsa ba.

Cikin jakata akwai abubuwa uku waɗanda ban faɗa wa abokan tafiya ba, don kada a yi mini dariya tun a hanya: fulawa kilo 10, wani ɗan ma'auni mai aiki da pil, da wata kwalba mai ƙullu a ciki.

Ga abin da ya kai ni. Gwaggona tana da ɗiya, watau taubashiyata, wadda mijinta ya tafi neman kuɗi Libiya, shekara biyu ke nan sai dai murya a tarho. Da masa ta ke riƙe da yara huɗu: kowace asuba tana bakin tanda. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa aka rufe iyaka, sai burodin da mai shayin garin ya saba samu daga ƙetare ya koma shigowa ta hanyar daji, ya zo a makare, ya zo da tsada, wani sa'in har da fumfuna. Mai shayi ya ce da ita, tun da hannunta ya saba da ƙullu, in za ta iya gasa burodi shi zai saye duka. Kwasar adashinta ta kusa. Sai ta kira ni, ta ce: «Kai ne ka ce ka iya burodi ba tare da yis ba. To, ka zo ka nuna mini, in kuwa cika baki ne irin naku na ƴan lakkwal, ka faɗa tun ban zuba kuɗina ba.»

Cika bakin na yi shi, ba zan musa ba. A shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka killace birnin Yamai, na ga jaridun Faransa sun cika da labarin mutanen da zaman gida ya sa su koyon abin da su ke kira «pain au levain», watau burodin da ake tayarwa da tsamin ƙullu, ba da yis na kanti ba. Ni ma na gwada, na ɓata fulawa mai yawa kafin in sami abin da za a iya ci. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga karatun nan shi ne jerin kayan aikin da ake cewa sai da su: tukunyar baƙin ƙarfe mai nauyi da murfi, kwandon da ake kwantar da kwaɓi a ciki, ma'auni, abin awon zafi, wuƙa ta musamman ta tsaga, mayanki na kankare kwaɓi, kwalba, firji, da kuma murhun lantarki mai kai zafi digiri 250. A gidan Gwaggo ko wutar lantarki babu. Tun daga tashar Damagaram na ke ta lissafa abin da ba mu da shi.

Da dare ya yi, bayan an gama gaisuwa an ci tuwo, na fito da kwalbata da alfahari. Rana da girgizar mota sun gama da ita: ƙullun ya kwanta, baƙin ruwa ya taso sama, wari kamar na tukunyar giya. Gwaggo ta karɓa ta shinshina, ta ce: «Ɗana, yunwa ce ta kashe maka shi. Wannan ai iri ne, irin na masa. Wa ya ce maka ana kulle iri a kwalba a ɗaure masa baki?» Taubashiyata kuwa ta samu abin da ta ke so, ta yi ta shela wa mata cewa Mushe ya zo da gawa daga Yamai.

Gwaggo ta shiga ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar ƙwarya, cikinta ya yi baƙi, an ɗinke bakinta wuri biyu. A cikinta ake kwana da ƙullun masa tun ban san shekara nawa ba, kuma ba a taɓa sa mata sabulu ba, sai ɗauraya da ruwa. Ta zuba ludayi guda na ƙullun masar jiya, ta ƙara fulawa da ruwa, ta dama, ta rufe da faifai. Ta ce ruwan kuma a ɗebo na rijiyar bayan gari, kada a kuskura a sa na zartsi. Safe da maraice tana zubar da rabi, ko ta juye shi cikin ƙullun masa don kada a yi asara, ta ƙara sabuwar fulawa. Ran na uku ƙullun ya ninka kansa, ya yi ƙofofi kamar saƙar zuma, ƙamshinsa kamar na nono mai kyau. Na ɗiga kaɗan cikin moɗar ruwa, ya taso bai nutse ba, alamar ya isa aiki ke nan.

A lise an koya mana sunan Louis Pasteur, an ce a shekarar 1857 a garin Lille ya nuna cewa wasu ƴan halittu ne da ido ba ya gani ke sa abu ya yi tsami. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa. Amma babu malamin da ya ce mana abin da Pasteur ya gani shi ne ke kwana cikin ƙwaryar iyayenmu. Iri biyu ne ke zaune a ƙullun: yis na daji, wanda ke cin garin yana fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi, da kuma ƙwayoyin da ke kawo tsami, dangin waɗanda ke mai da madara nono. Cikin ƙwarya ba sumul ya ke ba kamar na kwalba, yana da ƴan ramuka inda waɗannan halittu ke maƙalewa, shi ya sa tsohuwar ƙwarya ke tayar da ƙullu da sauri fiye da sabuwa, kuma kowace Bafillatana mai tallar nono ta san haka ba tare da ta ji sunan Pasteur ba. Habashawa da haka su ke tayar da injera, mutanen Sudan da haka su ke yin kisra. Faransawa kuwa, da son su na rubuta kome cikin doka, sai da suka fitar da wata ranar 13 ga watan Satumba na 1993, wadda ta fayyace abin da ya cancanci a kira burodin «levain», har da gwargwadon tsamin da za a samu a cikinsa.

Daga nan sai jerin nawa ya riƙa rushewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ana bukatar mayanki na kankare kwaɓi, sai aka miƙo mini marar kwasar tuwo, kuma wallahi ta fi na kanti bin cikin ƙwarya, domin jikinsu ɗaya. Na ce kwando, aka kawo ƙaramin kwando aka shimfiɗa tsohon kallabi wankakke, aka barbaɗa garin gero, wanda ba ya manne wa kwaɓi kamar fulawa. Rariyar tankaɗe tana rataye a jikin danga. Wuƙar tsaga kuwa, reza ce sabuwa daga teburin mai kayan koli, aka soke ta a tsinken kara. Abin awon zafi shi ne ya fi ba Gwaggo dariya: ta ce a barbaɗa gari kaɗan a gindin tukunya, in ya yi ja kafin a gama ƙirga goma, wuta ta yi; in ya yi baƙi nan take, a rage; in ya zauna fari, a jira.

Abu ɗaya ne na tsaya a kansa ban ja da baya ba, shi ne ma'auni. Mu a ƙasar nan da tiya mu ke awo, kuma tiya ba ta da laifi wajen gero, tun da ƙwaya ce. Amma fulawa, in an tankaɗe ta ta kan yi sauƙi, in ta daɗe a buhu ta danne ta yi nauyi, sai ka ga kwano ɗaya ya ba ka awo biyu dabam. Ƙullun masa yana yafe irin wannan kuskure, domin mai suya tana gyara shi da ruwa a bakin tanda. Burodi ba ya yafewa: in ya shiga tukunya, magana ta ƙare. Awon da na zo da shi shi ne: fulawa giram 1000, ruwa giram 650, iri giram 200, gishiri giram 20. Gwaggo ta dubi ɗan ma'aunin kamar yadda ake duban baƙon da bai yi sallama ba, amma ta ƙyale.

Sai maganar gero. Taubashiyata, da ta ga yadda fulawa ke tafiya, ta ce me zai hana a yi da garin gero, ga shi cike da rumbu? Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan, kuma amsarta ba ta da daɗi. Alkama tana da wani danƙo wanda in an murza kwaɓi ya kan zama kamar raga, ya riƙe iskar da iri ke fitarwa. Gero da dawa ba su da shi, shi ya sa masa ke bukatar ramin tanda ya tallafe ta. Abin da za a iya shi ne gauraye. A Dakar, cibiyar binciken abinci ta ITA ta daɗe da fitar da wani burodi mai suna «pamiblé», wanda kashi 15 cikin 100 na garinsa gero ne. Mu ma kusan haka muka yi, kuma geron ya ba shi ƙamshin da na Yamai bai taɓa samu ba. Amma sauran kashi 85 ɗin fa? Ana noma alkama a lambunan Ayar, da wajen Ƙonni, da bakin Komadugu, sai dai ba ta kai ko'ina ba. Burodin da mu ke ci, kusan dukansa da alkamar ƙetare ake yin sa. Shi ya sa duk abin da ya girgiza duniya sai ya iso teburin mai shayi: karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, wadda manyanmu har yau ba su manta ba, yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, sa'an nan rufe iyaka. Najeriya ta taɓa hana shigo da alkama a shekarar 1987 don a noma ta gida, bayan ƴan shekaru ta janye. Ƙwarya da mara da kwando duk namu ne. Abin da ke ciki ne ba namu ba.

Gashin farko ya lalace, kuma laifina ne. Na kwantar da kwaɓin ya kwana a kwando ban rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle ba, iskar hunturu ta busar da bayansa ya yi ɓawo tun bai ga wuta ba. Sa'an nan na ɗora tukunya kan murhu na hura mata wuta kamar mai dafa wake. Abin da ya fito, gindinsa gawayi, cikinsa ɗanye, ko kaji sai da suka yi shawara. Fulawa kilo guda ta tafi. Taubashiyata a wannan karo ba ta yi dariya ba, kuma shirun nata ya fi mini ciwo, domin na san lissafin adashi ta ke yi.

A nan ne Gwaggo ta karɓi aikin. Ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa Turawa ke nacewa a kan tukunya mai murfi. Cikin minti 20 na farko, ruwan da ke jikin kwaɓi yana fita ya zama tururi. In murfi ya tsare shi, bayan burodin ya kan zauna da laushi har ya gama kumbura, tsagar reza ta buɗe. In babu tururi, ɓawo ya kan yi tauri da wuri ya ɗaure burodin kamar an sa masa mari. Manyan gidajen burodi na Yamai da Damagaram injin ne ke fesa musu tururin. Mai gida kuwa murfi ne nasa injin. To, tukunyar zubi irin wadda maƙeranmu ke narka tsofaffin ƙarafa su zuba, tana da murfi, tana da kauri, sai dai gindinta na ɗaukar zafi da sauri fiye da baƙin ƙarfe. Maganin wannan, matan da ke gasa kek na biki sun san shi tuntuni. Gwaggo ta zuba rairayi mai tsabta kamar kaurin yatsa biyu a gindin tukunyar, ta ɗora faranti a kai, ta bar su suka yi zafi sosai. Ta janye itace ta bar garwashi kaɗan a ƙasa, aka juye kwaɓi kan farantin, na tsaga shi da reza, aka rufe, sa'an nan ta kwashe mafi yawan garwashin ta tara a kan murfi. Ta ce: «Wuta ƙasa kaɗan, wuta sama da yawa. Ba ka ga Buzaye ba, in za su gasa tagalla ai rufe ta su ke yi da rairayi da garwashi?»

Bayan kamar minti 20 ta sa aka ɗaga murfin kaɗan aka tokare shi da tsinke don tururi ya fita, aka ƙara wasu 20. Da aka fito da shi, ya yi ja kamar bayan tulu, tsagar ta buɗe, na ƙwanƙwasa gindinsa ya amsa kamar ganga. Yara suka kewaye mu. Na ce sai ya huce awa guda kafin a yanka, domin cikinsa bai gama nuna ba; wannan doka ita ce ta fi kowace wuyar bi a gidan.

Na yi tunanin tanderu, irin wanda matan Kano ke manna gurasa a jikinsa, sana'ar da ake dangantawa da Larabawan da suka zo ta hanyar Sahara. Da shi za a gasa da yawa a lokaci guda. Amma tanderu na son itace, kuma a ƙasar da aka sha wuya kafin gawo ya dawo, ba ni ne zan ba da shawarar a ƙara cin itace ba. Tukunya kuwa, garwashin da ya rage bayan suyar masa ya kusa isar ta.

Saura hukuncin masu ci. Da safe muka kai wa mai shayi guda biyu. Ya yanka, ya ba mutanen da ke kan benci. Wani dattijo ya tauna ya daɗe, ya ce burodin yana da kyau amma an manta ba a sa sukari ba. Wani ya ce ɓawon zai cire masa haƙori. Wani saurayi ya tsoma cikin shayi ya ce ba ya shan ruwa kamar na Najeriya. Gaskiyarsu: bakin mutanen iyaka ya saba da burodi mai laushi, mai zaƙi, wanda ake matsewa a tafin hannu. Gwaggo ta ce a sa ruwan kanwa a kashe tsamin, kamar yadda ake yi wa masa. Na ƙi, na ce in aka kashe tsamin an kashe abin da ke hana shi yin fumfuna da wuri, kuma shi ne dukan fa'idarsa a garin da ba firji. Muka yi ta ja. A ƙarshe taubashiyata ta raba gardama ba tare da ta tambayi kowa ba: ta rage lokacin kwanciyar kwaɓi don kada tsamin ya yi yawa, ta ƙara sukari kaɗan da man gyaɗa cokali biyu. Wani Bafaranshe zai ce wannan ba «levain» ba ne. Mai shayi dai ya saya.

Ran da zan tafi na ce na bar mata ma'aunin kyauta. Sai ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanaye uku na tumatir da na madara, kowane an yi masa zane da ƙusa a ciki: ɗaya na fulawar da aka tankaɗe, ɗaya na ruwa, ɗaya na iri, gishiri kuwa murfin kwalba. Ashe tun kwana biyu ta auna kome sau ɗaya ta sa alama. Ta ce: «Tafi da abinka, Mushe. In pil ɗinsa ya mutu, wa zai je mini Dungas saye?»

CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga watan Fabrairu na 2024, ba a daɗe ba burodin ƙetare ya dawo, mai shayi kuma ya koma wa abin da mutanensa suka saba. Cikin watan Afrilu, bayan ƙaramar salla, na kira ta. Ta ce adashin bai nutse ba, bai kuma haihu sosai ba. Masa ce dai ke ciyar da gida. Burodi sau biyu a mako ta ke yi, malaman makaranta da wani ma'aikacin asibiti ke saye, domin yana kwana uku bai lalace ba, kuma da azumi an nema don sahur. Na tambaye ta yadda irin ya ke yi da zafin bazara, lokacin da rana ke wuce digiri 40, domin a irin wannan zafi ƙullu kan tashi ya faɗi cikin ƴan awoyi, tsami ya rinjaye shi. Ta ce Gwaggo ta sa an mai da ƙwaryar gindin randa, kan jiƙaƙƙen rairayi, an kuma rage mata ruwa ƙullun ya yi tauri, kuma kwaɓi yanzu sai bayan isha'i ake yin sa a gasa da asuba. Ta ce in zan zo da damina in taho mata da reza fakiti guda, ta garin ba ta da kaifi.